Fotulaka: Furen da Yawan Ruwa Ke Kashewa

Duk mai son ƙawata tsakar gida da furanni a ƙasar Hausa ya san wahalar bazara: rijiya ta ja baya, famfo ya ƙafe, ruwan 'yan garuwa kuwa sai da kuɗi. Ga wanda yake cikin wannan hali, akwai fotulaka, wani ɗan tsiro mai yaɗo da ke shimfiɗuwa ya rufe ƙasa, ba ya kuma damuwa da ƙishi.

Asalinsa daga Kudancin Amurka ne, yankin Barazil da Ajantina da Yurugwai, amma ɗan'uwa ne ga fasa-ƙabba da ke fitowa a gonakinmu. Tsayinsa ba kasafai yake wuce santimita 20 ba. Ganyensa sirara ne masu kauri, a cikinsu da jikin rassan yake ajiye ruwan da zai rayu da shi idan ƙasa ta bushe. Furensa akwai ja, rawaya, fari da ruwan hoda. Yakan buɗe da hantsi, ya rufe kafin yamma, ranar da hadari ya rufe sama kuma da ƙyar yake buɗewa. Don haka a nema masa fili mai samun rana aƙalla awa 6, kada a sa shi ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro.

Jigawa yake so. Idan ƙasar gidanka laka ce, ka gauraya ta da yashi, ka ɗaga ta kamar kunya. Idan a tukunya ne, sai a huda gindinta. Dashensa ba wuya: a yanko reshe mai tsawon ɗan yatsa, a cire ganyen ƙasa, a soka a rairayi mai ɗan danshi, a bar tazarar taƙi ɗaya tsakanin kowane biyu. Cikin mako biyu zai yi saiwa. Mai son shuka iri ya yayyafa shi a saman ƙasa kawai, kada ya binne, domin ƙwayar ƙarama ce ƙwarai, kuma sai ta ga haske take tsirowa.

Inda akasari ake kuskure shi ne ban ruwa. Da zarar ya kama, kada a ƙara masa ruwa sai an taɓa ƙasar an ji ta bushe. Idan gindinsa ya yi baƙi ya yi laushi, saiwar ce ta fara ruɓewa. Shi ya sa watan Agusta ya fi watan Afrilu haɗari gare shi, musamman a kwari ko kusa da indararo. Taki ma kaɗan ya isa. Idan ya yi yawa, sai ganye ya bunƙasa fure ya ragu.

A kula kada dabbobi su riƙa cinsa da yawa, don yana iya cutar da su. Idan ya tsufa ya bushe, a bar irin ya zuba a wurin, sabo zai fito da saukar damina.