Soson Teku na Bahar Rum: Halittarsa da Zamansa a Gaɓar Teku

Abin da wannan takarda za ta yi magana a kai shi ne wata halitta ta cikin teku wadda masana kimiyya suke kira Spongia officinalis, sunan da Linnaeus ya laƙaba mata a shekarar 1759. Mun zaɓi mu kira ta soson teku, amma ya kamata tun da fari mu kau da wani ruɗani. Soson da Bahaushe ya sani tsiro ne mai yaɗo, wanda ake ɓare 'ya'yansa in sun bushe a yi wanka ko wanke-wanke da zaren da ke ciki. Soson teku kuwa dabba ne, ko da yake ba shi da baki, ba shi da ciki, ba shi da jijiya ko ƙwaƙwalwa, ba ya kuma motsawa daga dutsen da ya manne a kai. Aikin da ake yi da su ne kaɗai ya haɗa su suna.

Tun zamanin Aristotle ake ta muhawara a kan ko soso dabba ne ko tsiro. Robert Grant na Edinburgh, a shekarun 1820, ya lura da yadda ruwa yake shiga jikinsa yana fita, kuma shi ne a 1836 ya sa wa wannan rukuni suna Porifera, watau masu ƙofofi. A yau an san ire-iren soso wajen dubu tara, mafi yawansu a ruwan gishiri.

Wanda ya saba ganin soso mai ruwan ɗorawa a kanti ba zai shaida shi a cikin teku ba, domin mai rai baƙi ne ko toka-toka, da fata mai santsi. Jikinsa duka hanyoyin ruwa ne. Ruwa yana shiga ta ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani sosai, ya bi ta siraran magudanai har ya isa wasu 'yan ɗakuna da aka jere da ƙwayoyin halitta masu bulala. Kowace ƙwaya tana kaɗa bulalarta, kaɗawar nan ce take jan ruwa, sa'an nan wata rariya da ta kewaye gindin bulalar ta tace bakteriya da sauran ɓarɓashin abinci. Daga nan ruwan ya fita ta manyan ƙofofi da ke sama. Ta wannan hanya ɗaya soso yake ci, yake shan iskar oksijin, yake fitar da ƙazanta, kuma ruwan da yake tacewa a kwana guda yakan ninka girman jikinsa sau dubbai. Ire-iren soso da yawa suna da ƙayoyi masu tauri a jikinsu, amma wannan ba shi da su: ƙashinsa saƙa ce ta wani zare mai laushi da ake kira sifonjin. Wannan laushi shi ne darajarsa a kasuwa, shi ne kuma ya jawo masa wahala.

Wani abin mamaki game da dangin soso shi ne gwajin da H. V. Wilson ya bayyana a Amurka a 1907. Ya matse wani irin soso ta cikin ƙyallen siliki har ƙwayoyinsa suka rarrabu, sai ga su sun sake taruwa suna gina sabon jiki. Soson Bahar Rum ma, in aka yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa tana iya warkewa ta girma.

Wajen haihuwa, namiji yana sakin maniyyi cikin ruwa, mace ta jawo shi tare da ruwan da take tacewa, ta kuma riƙe 'ya'yan a jikinta har su zama 'yan tsutsotsi masu gashi. Da lokacin zafi ake sakinsu. Iyonsu ba ya daɗewa kafin su sami dutse su manne, saboda haka ba su yin nisa da uwa. Wannan batu yana da nauyi ƙwarai a ganinmu, domin yana nufin cewa wurin da aka kwashe soso ƙaf ba ya saurin cikewa daga maƙwabta.

Soson yana zama a kan duwatsu da bakin koguna na ƙarƙashin ruwa, daga kusa da gaɓa zuwa zurfin mita da dama. Ƙananan tsutsotsi da jatan lande sukan yi gida a cikin magudanansa, bakteriya masu yawan gaske kuma suna zaune cikin namansa a matsayin abokan zama.

Mutanen tsibirin Kalymnos na ƙasar Girka da na gaɓar Tunisiya, musamman wajen Safakus da tsibiran Karkana, sun daɗe suna cin abinci da shi. In an ciro shi, akan bar naman ya ruɓe, a tattake, a wanke, sai saƙar zaren ta rage. Da rigar nutso mai hular ƙarfe ta shigo tsibiran Girka a shekarun 1860, kamu ya ƙaru sosai, amma masu nutso da yawa sun mutu ko sun shanye saboda saurin fitowa daga zurfi. A 1986 wata annoba ta auka wa soson, ta kashe shi a wurare masu yawa na Bahar Rum, musamman ta gabas. A 1999 da 2003 kuma, lokacin da ruwan teku ya yi zafi fiye da kima, an sake ganin mutuwa mai yawa a gaɓar Faransa da Italiya. Yarjejeniyar Barcelona ta sa shi cikin halittun da dole a ƙayyade kamunsu. An kuma gwada kiwonsa a Italiya da Girka ta hanyar jera gunduwoyi a jikin igiya cikin ruwa, sai dai girmansa na da nawa, yakan ɗauki shekaru kafin ya kai girman sayarwa, ga shi kuma zafin ruwan Bahar Rum yana ci gaba da ƙaruwa.