Daga Dutse Zuwa Ƙasa: Abin da Falke Ya Kamata Ya Sani



Kowanenmu ya san saniyar da ta yi kiwo a wani wuri takan fi ta wani wuri ƙashi da nama, ko da ruwan sama ɗaya suka samu. Mukan ce ciyawa ce. Gaskiya ne, amma ita ciyawar daga ƙasa take shan abincinta, ita kuma ƙasa asalinta dutse ne.

Ga yadda abin yake. Da rana dutse ya yi zafi ya buɗe, da dare ya huce ya tsuke. Yau da gobe sai ya tsage, bayansa ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa, kamar yadda ake gani a duwatsun Ayar. Ruwan sama ya shiga tsagar, ya narkar da wasu sinadaran, wasu su zama yumɓu. Saiwar itace ta kutsa ta ƙara buɗa shi. Dutse ya koma tsakuwa, tsakuwa ta koma rairayi. Sai ganye da kashin dabbobi su ruɓe a ciki, gara ta yi ta juya su, sannan a samu ƙasar da ke fid da tsiro. Masana sun ce kaurin santimita 1 kacal yakan ci ɗaruruwan shekaru, wani wurin har 1,000.

To, kowace ƙasa halin dutsenta take ɗauka. Jigawar da ke arewacin Maraɗi da Damagaram tsohon rairayi ne da iska ta tara. Ba ta riƙe ruwa, ƙarangiya ce ta fi yi a cikinta. A wajen Ngaundere kuwa akwai baƙin dutsen da aman wuta ya bari, wanda ya ruɓe ya ba da jar ƙasa mai zurfi, ga kuma maɓuɓɓugan ruwan kanwa da makiyaya ke kai shanu. A kewayen Tafkin Chadi baƙar laka ce mai dararrashewa da rani, inda ake dasa masakwa, amma da damina garke ba ya ratsa ta sai da wahala. Gishirin ƙasar Ingal ne ke jawo Fulani da Buzaye can duk ƙarshen damina. Hatta ƙurar hunturu, wadda mafi yawanta daga kwarin Bodele na Chadi take tasowa, tana ɗan ƙara wa ƙasarmu sinadari.

Inda abin ya shafi aljihunmu shi ne nan. Yawancin ƙasar Sahel tana da ƙarancin sinadarin fosfaras, wanda shi ne ke gina ƙashi. In ka ga saniya tana taunar ƙashi ko tsumma a bakin hanya, ba iskanci ba ne, jikinta ne ke nema. Irin wannan ba ta saurin ƙiba, takan yi ɗingishi, ba ta ɗaukar ciki a kan kari. Mafi muni, in ta ci ƙashin mushe tana iya kamuwa da gubar da ke shanye ƙafafu, ta kwanta ba ta tashi. Kanwa da gishirin Balma suna da amfani, amma ba sa toshe wannan giɓi. Sai an nemi dutsen lasa mai fosfaras wajen likitan dabbobi. Kuma a riƙa binne mushe ko a ƙone shi, kada a bar shi a burtali.

Sai batun fako. Inda garke ya yi ta tattaka wuri ɗaya, a bakin rijiya ko a kara, ciyawa takan ƙare, ruwa da iska su kwashe ƙasar sama, marmara ta bayyana. Abin da ya ɗauki zamanin kakanni kafin ya haɗu, damina biyu uku sai ta tafi da shi. An ga haka sosai bayan farin 1973 da na 1984. Amma ana iya gyarawa: a yankin Keita da ke jihar Tawa, tun daga 1984 aka riƙa jera duwatsu da haƙa ramuka don tare ruwa, wuraren da suka mutu suka sake yin ciyawa.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka sallama kuɗinka, tambayi inda dabba ta yi kiwo. In ka sauka zango kuma, kada ka daɗe wuri ɗaya har ya zama fako, domin baɗi ma ta nan za mu biyo.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin. Wassalam.