Gwajin Bakin Mahaifa Kafin Ciwo Ya Nuna Kansa

Mafi yawan mata a ƙasar Hausa ba sa taka ƙofar asibiti sai don awon ciki, ko haihuwa, ko kuma lokacin da ciwo ya kwantar da su, alhali kuwa akwai cututtukan da ba sa sallama sai bayan sun gama ɓarna a ɓoye. Sankarar bakin mahaifa, wadda ake kira ciwon daji ko kansa, tana cikin irin waɗannan, kuma a shekarar 2020 kaɗai ta kama mata kimanin 12,000 a Nijeriya, ta kashe kusan 8,000, duk da cewa tana cikin ƙalilan daga nau'o'in sankara da aka san musabbabinsu, aka kuma san hanyar tare su.

Musabbabin shi ne wata ƙwayar cuta da ake kira HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, kuma yaɗuwarta ta kai ga cewa yawancin maza da mata kan ɗauke ta a wani lokaci na rayuwarsu ba tare da sun sani ba, don haka samun ta a jikin matar aure ba hujja ba ce ta zarginta da komai. Galibi garkuwar jiki kan kawar da ita, amma a jikin wasu matan wasu nau'o'inta, musamman na 16 da na 18 waɗanda ke haddasa kusan kashi 70 cikin ɗari na wannan sankara, sukan zauna daram suna sauya ƙwayoyin fatar bakin mahaifa sannu a hankali. Daga wannan sauyi zuwa sankara akan ɗauki shekara 15 zuwa 20, kuma wannan doguwar tazara ita ce damar da gwaji yake amfani da ita. Ga mai ɗauke da cutar HIV kuwa tazarar ta fi gajarta, haɗarin kuma ya ninka sau shida.

Gwajin da ya fi sauƙin samuwa ba ya buƙatar wata babbar na'ura. Ma'aikaciyar jinya kan buɗe gaban mace da wani ɗan abu mai kama da bakin agwagwa, ta jiƙa auduga da ruwan khal, ta shafa a bakin mahaifa, sannan ta jira minti ɗaya tana haska fitila. Idan akwai wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari fat a tsakiyar jan nama, kuma sau da yawa a ranar ake ƙone shi da wani ɗan ƙarfe mai zafi ko a daskarar da shi, matar ta koma gida da ƙafarta. Akwai kuma gwajin da ke neman ƙwayar HPV ɗin kanta, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita, inda mace za ta iya ɗebo samfurin da hannunta a keɓe, abin da ke rage nauyin kunya ƙwarai. Shawarar hukumar ita ce a fara daga shekara 30, a maimaita bayan shekara 5 zuwa 10, mai HIV kuma ta fara daga 25.

Inda abin yake da ciwo shi ne yadda ake fassara alamomin idan sun bayyana. Ruwa mai wari da ya ƙi ɗaukewa sai a ce sanyi ne, a yi ta shan jiƙe-jiƙe da matsi wata da watanni, jinin da ke zuwa tsakanin al'ada da al'ada ko bayan saduwa kuma sai a kai wa malam tambayar hukuncin salla da jinin istihala, a manta cewa jinin da fiƙihu ya kira na ciwo yana buƙatar a nemi ciwon. Mafi hatsari shi ne jinin da ya dawo wa dattijuwa bayan ta daina al'ada, domin kunyar 'ya'ya da surukai kan sa ta ɓoye shi har sai ya kai matakin da sai an yi mata gashi a manyan asibitoci irin na Zariya ko Sakkwato, da kuɗin da gidaje kaɗan ne ke iya ɗauka. Nan haƙƙi ya rataya a wuyan maigida, tun da izini da kuɗin mota yawanci a hannunsa suke.

 

Ga 'yan mata, Nijeriya ta shigar da allurar rigakafin HPV cikin jerin rigakafinta a watan Oktoba na 2023, kyauta, sau ɗaya tak, ga masu shekara 9 zuwa 14, domin ta fi aiki idan an yi ta kafin aure. Allurar ba ta hana haihuwa kamar yadda jita-jita ke yaɗawa, kuma ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu, shi ya sa uwar da ta kai 'yarta rigakafi ita ma take buƙatar ta tambayi ɗakin da ake gwajin kafin ta bar asibitin.