Ilmin Kwamfuta da 'Ya'yan Manoma a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba dalilan da suka sa 'ya'yan manoma, da 'yan mata, da waɗanda suka taso a makarantun allo, suka yi ƙaranci a azuzuwan ilmin kwamfuta na manyan makarantu, sa'an nan a nuna hanyoyin da za a bi a jawo su. An zaɓi ƙasar Funtuwa da Malumfashi ne domin tarihin nomanta yana ɗauke da darussa biyu da suka shafi wannan al'amari. Abin da za a yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, yaran nan ba basira suka rasa ba, hanyar ce take tsinkewa tun kafin su iso ƙofar jami'a.

Wane ne Masanin Kwamfuta?

Kafin a yi nisa, ya kamata a bambanta abubuwa biyu da akan cuɗanya. Akwai iya amfani da kwamfuta, watau buga takarda, da aika saƙo, da cike fom a intanet. Akwai kuma ilmin kwamfuta, wanda shi ne sanin yadda ake ɗaukar matsala a warware ta daki-daki, a mai da ita jerin umarni marasa harshen damo waɗanda na'ura za ta iya bi. Na farko kamar direba yake, na biyu kuwa kamar wanda ya zana injin motar. Tun daga 2001 da wayar hannu ta bazu a Nijeriya direbobi suke ta ƙaruwa, har ya zama dillalin masara a kasuwar Ɗandume yana karɓar kuɗinsa ta waya. Amma masu zana injin, har yanzu daga wasu wurare suke fitowa.

Shi wannan tunani na bi-da-bi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kalmar algoridim, wadda take ginshiƙin fannin, daga sunan Alkhawarizmi aka samo ta, malamin lissafi da ya yi zamani a Bagadaza a ƙarni na 9, kuma wani babban sashe na littafinsa na aljabara a kan rabon gado da wasiyya yake. A nan gida kuma, Muhammadu Alkashinawi, mutumin Katsina wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya wallafa littafi a kan ƙa'idojin cike gidajen hatimi da lambobi yadda jimillar kowane layi za ta zo daidai. Duk malamin zaure da ya iya raba gado tsakanin matar aure da uwa da 'ya'ya, yana fitar da tumuni da sudusi kafin ya raba saura, to, ya riga ya san ma'anar bin umarni mataki-mataki.

Darasin Auduga

Darasi na farko daga auduga yake. Kamfanin BCGA, wanda aka kafa a Ingila a 1902 domin samo wa masaƙun Lankasha auduga, ya kafa injunan gurza a Funtuwa da Malumfashi. Da layin dogo ya ratsa Funtuwa daga Zariya, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, sai jigilar ta yi sauƙi. Manomi ya noma, a auna, a gurje, a ɗaure dila-dila a kai bakin teku, sa'an nan ta komo masa a matsayin akoko da atamfa, ya saya da tsada. Wahalar a nan aka sha ta, ribar kuwa tana wurin wanda ya san saƙa da inji. Sai a ƙarshen shekarun 1970 aka sami masaƙar zamani a Funtuwa.

Audugar wannan zamani ita ce bayanai. Yawan ruwan da aka yi a Bakori, da farashin buhun masara a Ɗandume, da yawan tumatirin da ya fito daga Ɗanja, da maganganun da mutane suke rubutawa da Hausa a wayoyinsu, duk ana tattara su, a sarrafa su a wani wuri, a komo da su a matsayin manhaja. A 2012, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta fara rabon takin zamani ta hanyar saƙon waya, kason manomi ya rataya ne a kan wani tsari da aka rubuta nesa da gonarsa. A farkon 2023 kuma, da aka shiga ƙarancin takardun kuɗi, cinikin kasuwannin ƙauye ya koma hannun na'urorin tura kuɗi. Wanda ba a yi shawara da shi ba wajen rubuta tsarin, sai dai ya karɓi abin da aka miƙo masa.

A nan ne amfanin bambancin ɗalibai yake fitowa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda bai taɓa zama a ƙauye ba, da wuya ya tuna cewa waya guda tana iya zama ta gida duka, ko kuwa cewa tiya ba ɗaya take ba daga kasuwa zuwa kasuwa. Namiji da wuya ya san yadda matan gida suke tafiyar da adashi da sana'ar ƙuli-ƙuli ta hannun yara. Wanda ba ya rubuta Hausa kuwa ba zai damu ba in na'ura ta kasa bambanta ƙafa da kafa, ko ɗaki da daki, balle a yi maganar ajami.

Inda Hanyar Take Tsinkewa

Mahaɗa ta farko tana ƙarshen ƙaramar sakandare. Bisa tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982, yaro yana ɗan shekara 15 ko kusa da haka ake tura shi ajin kimiyya ko na fasaha ko na kasuwanci. Jami'o'i kuwa suna neman kyakkyawan sakamako a Turanci da lissafi da fiziks ga mai son ilmin kwamfuta. Saboda haka makarantar da ba ta da malamin fiziks ta riga ta yanke wa dukan ɗalibanta hukunci shekara uku kafin su san akwai wata shari'a.

Ta biyu ita ce jarrabawa. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta ta shiga jami'a kacokan a kan kwamfuta. Yaron gari ya saba da na'urar. Yaron da ya fito daga wani ƙauyen Ƙafur ko Sabuwa kuwa, mai yiwuwa ne ranar jarrabawar ce rana ta farko da ya ɗora hannu a kanta, ga shi kuma agogo yana tafiya.

Ta uku ita ce rashin tsaro. Makarantun kimiyya masu ɗakunan gwaji galibi na kwana ne. A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. An sako su bayan kwana shida, amma an rufe makarantun kwana na jihar na wani lokaci, kuma tsoron bai fita daga zukatan iyaye ba. Uban da ya yi ɗari-ɗari da tura ɗansa, yaya ke nan in 'yarsa ce? Ba a ce da shi maƙiyin ilmi ba, lissafi ya yi irin na mahaifi.

Ta huɗu ita ce kunya a cikin aji. Idan malami ya shiga ya fara da Turanci mai wuya, yana ɗauka kowa ya taɓa rubuta manhaja, 'yan kaɗan da suka taso da kwamfuta a gida su ne za su riƙa amsawa. Saura sai su yi tsit, su ɗauka ƙwaƙwalwarsu ce ba ta ja, alhali sabo ne kurum aka fi su.

Abin da Aka Gani a Wasu Ƙasashe

Wannan cuta ta huɗu an san ta har a ƙasashen da suka ƙera na'urar. Mata shida ne suka fara tsara wa kwamfutar ENIAC umarni a Amurka wajen 1945. A 1984 mata ne suka sami kashi 37 cikin 100 na digirin farko a wannan fanni a ƙasar, amma kafin 2010 adadin ya faɗo ƙasa da kashi 20. Masu bincike da dama sun danganta wannan da shigar ƙananan kwamfutoci gidaje, inda aka riƙa tallarsu a matsayin abin wasan yara maza, har ya zama namiji yana shiga aji da sabon da mace ba ta da shi.

Jami'ar Carnegie Mellon ta nuna ana iya gyarawa. A 1995 mata kashi 7 ne cikin 100 na sababbin ɗalibanta a fannin, a 2000 kuwa suka kai kashi 42. Ba ta sassauta jarrabawa ba. Abin da ta yi shi ne, ta daina fifita wanda ya riga ya iya rubuta manhaja wajen ɗaukar ɗalibai, ta buɗe darussan farko daban-daban gwargwadon sabon kowa, ta kuma horar da malaman sakandare. Ashe ƙofar ce ta yi ƙunci, masu shiga suna nan.

Darasin Aikin Gona na Funtuwa

Darasi na biyu gargaɗi ne ga ma'aikatan hukuma. A tsakiyar shekarun 1970 aka kafa Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe. An yi hanyoyi, an gina cibiyoyin sayar da taki da iri, noman masara ya bunƙasa ƙwarai. Amma manazarta da yawa sun nuna cewa mafi yawan amfanin ya tafi ne ga manyan manoma, masu kuɗin sayen taki da kusanci da malaman gona. Ba sai an yi nufin haka ba: duk abin da aka ajiye a tsakar fili aka ce kowa ya ɗiba, mai dogon hannu shi ke riga kowa.

Haka rabon kwamfutoci yake. In aka sauke su a makarantun da suke bakin titi, masu lantarki da maigadi, to, 'ya'yan da suka riga suka samu su ne za su ƙara samu. Sau da yawa ma na'urorin sukan ƙare a kulle cikin sito, suna shan ƙura, don babu malamin da zai koyar da su.

Hanyoyin Gyara

Na farko, a fara da tunani kafin na'ura, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ana iya koya wa ɗan firamare ma'anar umarni da sharaɗi da maimaitawa ta wasan dara, da ƙidayar zanen hula, da lissafin awo, da harshen da yake mafarki da shi, ba tare da ko fitila ba. Almajirin da ya haddace Alƙur'ani, ya san wurare nawa kalma kaza ta zo, yana da horon ƙwaƙwalwa irin wanda fannin yake nema. Abin da ya rage masa shi ne lissafin boko da Turanci, kuma ana koyonsu.

Na biyu, a sa malami gaba da kaya. Kafin a sayi kwamfuta ɗaya, a tabbata akwai malamin lissafi da na fiziks a kowace babbar sakandare, a ba wanda ya yarda ya zauna a ƙauye alawus da muhalli. A ƙara da malamai mata, domin yarinya takan fi gaskata abin da ta gani a jikin 'yar'uwarta.

Na uku, a kai ilmin inda yaran suke. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ba ta jira matan karkara duka sun taru a gidanta ba. Jajoji ta horar, suka koma garuruwansu suna karantar da 'Yan Taru. Ajin kimiyya na jeka-ka-dawo, mai ɗakin gwaji da hasken rana, ya fi amfanar yarinyar ƙauye a yau bisa ga makarantar kwana mai nisa. Shirin AGILE na ilmin 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, Jihar Katsina tana cikin jihohinsa na farko, kuma koyar da fasahar zamani yana cikin manufofinsa. Ma'aunin da ya dace a auna shi da shi shi ne yawan 'yan matan da suka shiga ajin kimiyya suka gama.

Na huɗu, a ƙarfafa gadoji. Makarantar Share Fagen Shiga Jami'a ta Jami'ar Ahmadu Bello tana nan a Funtuwa, kuma aikinta ke nan ta cike wa ɗalibi giɓin sakandare. Ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Alƙalam a Katsina, ga ta Tarayya a Dutsinma wadda aka kafa a 2011, ga ita kanta Zariya a kusa. Ya kamata su ware ajin farko na waɗanda ba su da sabo, su kuma riƙa tura ɗalibansu 'yan asalin yankin su ziyarci tsofaffin makarantunsu tun kafin yara su zaɓi aji.

Na biyar, a ba ɗalibi aikin gida ya warware. Wanda aka ce ya tsara rajistar manoman gundumarsu, ko hanyar sanar da farashin hatsi da murya cikin Hausa, zai ga amfanin karatunsa, iyayensa ma za su gani. Nan ne ƙananan hukumomi suke da rawar takawa, ta hanyar ba irin waɗannan matasa ayyukansu na ajiye bayanai. Babu abin da zai jawo ƙanne irin su ga yayansu ya ci abinci da ilminsa a garinsu.

Kammalawa

A taƙaice, an nuna cewa tunanin da ilmin kwamfuta yake buƙata tsoho ne a ƙasar Katsina, kuma yaran suna zubewa ne a wurare sanannu: wajen zaɓen aji, da wajen jarrabawa, da kan hanyar makaranta, da cikin ajin farko. Kowane ɗaya daga cikinsu akwai jami'in da yake da ikon gyara shi, tun daga shugaban makaranta har zuwa mai tsara kasafi. Kakannin yaran nan sun noma auduga wasu suka saƙa. Ko jikokin za su tsaya a noman bayanai, ko kuwa za su shiga masaƙar, wannan ya danganta ga malamin lissafin da za a tura, ko a ƙi turawa, makarantar ƙauyensu. Allah ya sa a dace.