Asusun ajiya: Kwana huɗu kacal na iya raba ka da rabin kuɗin ruwanka

Duk ƙarshen shekara labarin ɗaya ne a bakin bankunan Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. Mutum ya karɓi takardar bayanin asusunsa na ajiya, ya duba layin kuɗin ruwa, sai ya ga abin da aka saka masa bai kai rabin abin da ya lissafa a kansa ba. Wani ya haɗiye ya tafi, wani ya ce an cuce shi. Idan kuwa kuɗin na wani ɗan'uwa ne da ke ci-rani a Abijan, Alje ko Pari, maganar kan koma gida, har a fara zargin wanda aka damƙa wa amanar.

Sau da yawa babu wanda ya taɓa ko dala. Ranar da kuɗin suka shiga, ranar da suka fita, da yawan cirewar da aka yi ne suka cinye ƙarin. A da sai mutum ya taka har banki da littafinsa kafin ya taɓa ajiyarsa. Yau da waya a hannu, matashi na iya juya kuɗinsa sau goma a mako yana zaune a fada. Sai dai ƙa'idojin lissafin da aka rubuta tun zamanin littafin takarda suna nan daram.

Abin da doka ta tanada a yankin sefa

Nijar na cikin ƙasashe 8 na ƙungiyar UEMOA masu babban banki guda, wato BCEAO mai hedikwata a Dakar. A waɗannan ƙasashe ba kowane banki ke yanka abin da ya ga dama a kan asusun ajiya na talakawa ba. Majalisar ministocin ƙungiyar ce ta ƙayyade kashi 3 da rabi cikin 100 a shekara, a kan kuɗin da ba su wuce sefa miliyon 10 ba. Ke nan wanda ya ajiye miliyon ɗaya, ya bar su shekara cur bai taɓa ba, zai samu ƙarin sefa 35.000, wato jikka 35.

Tun ranar 1 ga Oktoban 2014 kuma BCEAO ta wajabta wa bankuna yin ayyuka 19 kyauta. A ciki akwai buɗe asusu, ba da littafin ajiya, zuba kuɗi, da tura kuɗi daga wani asusu zuwa wani a cikin banki ɗaya. Wannan ya sa mutane da yawa ke ganin motsa kuɗi tsakanin asusun albashi da na ajiya ba ya cin komai. Gaskiya ne ba a cazar su a ranar. Asarar tana ɓoye ne a cikin kwanan wata.

Dokar rabin wata

Bankuna da dama a yankin sefa na bin tsarin da aka gada daga Faransa, wanda ake kira quinzaine. A wannan tsari ana raba shekara gida 24: daga 1 zuwa 15 ga wata gida ɗaya, daga 16 zuwa ƙarshen wata wani gidan. Kuɗi ba sa haifar da komai sai sun kwana a asusu tun daga farkon gidan har ƙarshensa.

Idan ka zuba kuɗi, lissafinsu zai fara ne daga ranar 1 ko 16 mai zuwa. Idan ka cire, lissafin zai koma baya ya tsaya a ƙarshen rabin watan da ya gabata. Ranar da banki ke ɗauka a lissafi, wadda sau da yawa ta bambanta da ranar da ka yi aikin, ita ce ake rubutawa date de valeur a takardar bayanin asusu.

Ga misali da miliyon ɗaya. Kowane rabin wata na kawo kimanin sefa 1.458. Mu ce wani mai sayar da kayan waya ya zuba kuɗin ranar 2 ga Maris, ya cire su ranar 30 ga Afrilu don saro kaya. Kuɗin sun yi kwana 59 a banki. Amma lissafi ya fara ne ranar 16 ga Maris, ya kuma tsaya ranar 15 ga Afrilu. Gida biyu ke nan, kimanin sefa 2.917.

Maƙwabcinsa ya zuba daidai wannan adadi ranar 28 ga Fabrairu, ya cire ranar 2 ga Mayu. Kwana 63, amma ya cika gida huɗu, ya tashi da kimanin sefa 5.833. Bambancin kwana huɗu ya ninka abin da ya samu. Wannan lissafi bai haɗa da haraji ba.

Wanda abin ya fi shafa shi ne ma'aikacin da ke tura wani ɓangare na albashinsa zuwa asusun ajiya ranar 3 ga wata, sannan idan wata ya yi nisa ya maido da su ranar 28. Kuɗin sun yi kwana 25 a can, amma ba su cika gida ko ɗaya ba. Ko da ya shekara yana haka, babu abin da zai gani a layin kuɗin ruwa.

Ranar turawa daban, ranar isowa daban

Akwai kuma tafiyar da kuɗi ke yi tsakanin bankuna. Idan bankin mai turawa da na mai karɓa daban ne, kuɗin kan bi ta tsare-tsaren BCEAO: SICA-UEMOA, inda ake daidaita cak da ƙananan turawa, ko STAR-UEMOA na manyan kuɗaɗe da na gaggawa. Waɗannan suna aiki ne a ranakun aiki. Wanda ya ba da umarnin turawa da yammacin Juma'a 14 ga wata, yana murna ya riga 16, kuɗinsa na iya sauka Litinin 17. Banki ba ruwansa da ranar da aka danna waya. Ranar da kuɗi suka sauka yake dubawa, don haka lissafi sai 1 ga wata mai kamawa.

A ƙarshen Satumban 2025 BCEAO ta ƙaddamar da tsarin biya na nan take mai suna PI-SPI, wanda ke haɗa bankuna, kamfanonin kuɗin waya da ƙananan cibiyoyin bashi, dare da rana. Ga cibiyoyin da suka shiga, hakan na rage jiran ƙarshen mako. Amma saurin isowa bai sauya yadda ake raba wata gida biyu ba, kuma sauƙin cirewa na iya ƙara wa mutum saurin hannu.

Su kuwa kuɗin da ke kwance a Airtel Money, Moov Money ko Zamani Cash, ba sa haihuwa ko sun shekara. Umarnin BCEAO na 2015 kan kuɗin lantarki ya hana kamfanonin da ke fitar da su biyan kuɗin ruwa a kai. Haka ma saƙon da aka aiko ta Nita ko Al Izza: duk kwanakin da ya yi kafin a karɓa a kai banki, kwanaki ne da ba sa cikin lissafi.

Masu asusun Naira: cirewa ta biyar

Ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram da ke hada-hada da Katsina da Kano, da ɗaliban da ke karatu a can, da yawansu na da asusun Naira. Can ƙa'idar daban ce. Jagorar caje-caje ta Babban Bankin Najeriya, CBN, ta ce mafi ƙarancin kuɗin ruwan asusun ajiya shi ne kashi 30 cikin 100 na ma'aunin ruwan da babban bankin ya tsayar. An rage shi zuwa kashi 10 a Satumban 2020 lokacin annobar korona, aka maido da shi kashi 30 a Agustan 2022. Lokacin da ma'aunin ya kai kashi 27 da rabi a Nuwamban 2024, mafi ƙarancin da mai ajiya zai samu ya zama kashi 8,25 a shekara.

Sai dai jagorar ta gindaya sharaɗi: wanda ya cire kuɗi fiye da sau huɗu a wata ɗaya, wannan mafi ƙarancin bai hau kansa a watan ba. A kan Naira miliyon ɗaya, da wancan ma'auni, rabon wata guda Naira 6.875 ne. Bankuna da dama kuma na ƙirga duk wata fita da mai asusu ya yi da kansa, ko a na'urar ATM, ko wajen mai POS, ko turawa ta waya. Mutum na iya sayen katin waya na Naira 500 a karo na biyar, ya yi asarar kusan dubu bakwai bai sani ba.

Ƴan ci-ranin Turai da Amurka

A Faransa dokar rabin wata ce ke tafiyar da shahararren asusun nan na Livret A, wanda aka kafa tun 1818. Iyakar abin da mutum zai zuba a cikinsa Yuro 22.950 ne. Ruwansa ya tsaya a kashi 3 daga Fabrairun 2023, ya sauka zuwa 2,4 a Fabrairun 2025, sannan 1,7 a Agustan shekarar. Sau ɗaya ake zuba ƙarin, ranar 31 ga Disamba. Galibi ba a tura kuɗi kai tsaye daga wannan asusu zuwa wani mutum, sai an fara maido da su asusun yau da kullum.

Ɗan Nijar da ke tara kuɗin gini a can na iya yin asara sau biyu a tafiya ɗaya. Ya cire daga Livret A ranar 14, ya rasa rabin watan Faransa. Kuɗin su sauka a asusun ajiyarsa na Yamai ranar 17, ya rasa na gida. Yuro ɗaya na nan a sefa 655,957 ba ya motsi, don haka ba canji ne ya ci shi ba, kalanda ce.

A Amurka, inda ƴan Nijar ke da yawa a garuruwa irin su Greensboro da New York, an daɗe da dokar da ta taƙaita wasu nau'o'in cirewa da turawa daga asusun ajiya zuwa sau shida a wata. Babban bankin ƙasar ya ɗage wajabcin a Afrilun 2020, amma ya bar wa kowane banki zaɓi. Wasu har yanzu suna cin tarar wanda ya wuce shida, kuma tara ɗaya na iya fin ruwan watanni.

Ga waɗanda ke guje wa riba

Mutane da yawa a ƙasar nan ba sa karɓar kuɗin ruwa saboda hukuncin riba a Musulunci, suna ajiya ne don tsaro kawai. Wasu kuma sun koma bankunan Musulunci kamar Banque Islamique du Niger, ko Jaiz a Najeriya. A tsarin mudaraba ba a yi wa mai ajiya alkawarin wani kaso tsayayye, ana raba ribar da jarin ya samar ne. Duk da haka rabon kowa na tafiya da yawan kuɗinsa da tsawon zaman da suka yi, don haka su ma ya kamata su tambayi yadda ake ƙirga kwanakin.

Abin da mai ajiya zai iya yi

Dokar yankin sefa ta wajabta wa bankuna liƙa sharuɗɗansu da farashin ayyukansu inda jama'a za su gani. Kafin a sa hannu, tambayoyi uku sun isa: da kwana ake lissafi ko da rabin wata? Sau nawa ake zuba ƙarin a shekara? Akwai iyakar cirewa?

Idan da rabin wata ne, a zuba kuɗi kafin 15 ko kafin ƙarshen wata, a bar tazarar kwana biyu zuwa uku na aiki idan daga wani banki ko wata ƙasa za su taso. Cirewa kuma, idan ba lalura ba ce, a jira 1 ko 16 ga wata ta kama. Kuɗin cefane, mai da katin waya su zauna a asusun yau da kullum ko a waya. Mai asusun Naira ya ciro abin da zai ishe shi a dunƙule, maimakon tsinta kaɗan-kaɗan.

Jikka uku ko biyar ba za su gina ɗaki ba. Amma ga mai miliyon biyar da ke juya su sau da yawa a shekara, abin da ke zubewa na iya kai kuɗin makarantar yaro. Ga ɗan ci-ranin da ya bar amanarsa a hannun ƙaninsa kuwa, kafin ya ɗaga waya da fushi, ya nemi a aiko masa hoton takardar bayanin asusun, ya duba layin date de valeur, ya gwada shi da ranakun da shi kansa ya yi aiken.