Tukunya Ɗaya a Ƙasar Wasu

Ranar da sunan yaro ya fito cikin waɗanda gwamnati za ta kai karatu waje, gida kan cika da 'yan barka. Kowa gani yake kakarsa ta yanke saƙa: an biya kuɗin makaranta, an yanki tikitin jirgi, ga alawus da dala duk wata. Amma takardar tallafi ba ta zuwa filin jirgi tarbar kowa. Mai zuwa tarba wani ɗalibi ne da ya riga shi sauka da shekara biyu, riƙe da tsohuwar rigar sanyi, don ya san baƙon nasa da 'yar shara zai sauko.

Daga wannan rigar zumuncin ke farawa. Ɗaliban da Najeriya ta riƙa turawa a ƙarƙashin yarjejeniyar ilimi ta BEA kan tarar da harshen da ba su taɓa karatu da shi ba. A Rasha sai an yi shekara guda ana koyon Rashanci kafin a shiga aji sosai, a Maroko da Aljeriya kuwa Faransanci ne ke jiran mai son kimiyya ko likitanci. Tsohon ɗalibi ne zai raka sabo ofishin rajista, ya nuna masa yadda ake sabunta iƙama kafin ta mutu, ya kai shi inda ake sayar da naman halal, ya miƙa masa tsofaffin takardun jarrabawa da suka bi hannu biyar. Babu ofishin jakadancin da ke da lokacin wannan.

Shi ma sabon ba hannu rabbana ya zo ba. Cikin akwatinsa akwai kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji, wataƙila da ƙullin kilishin da uwa ta cusa a daren tafiya. Kafin mako ya zagayo kayan nan sun zama na kowa. Ɗaki huɗu ko biyar su haɗa tukunya ɗaya, a tuƙa tuwon semolina, a kaɗa miya, a zauna ƙasa a ci. A bakin wannan tukunya ake gane wanda ya kwana biyu bai fito ba, da wanda ya fara ramewa, da wanda ya daina zuwa aji.

Gane hakan na da muhimmanci, domin ɗalibin tallafi na fama da wata irin kunya. A gida ana masa kallon mai cin dala, ƙanne na jiran ya aiko kuɗin makaranta, to da wane baki zai ce wa mahaifiyarsa ya kwana da yunwa? Sai ya ce "lafiya lau, Mama," ya kashe waya. Abokin ɗakinsa kaɗai ya san gaskiya.

An ga haka ƙarara a 2024, lokacin da ɗaliban BEA suka shafe watanni ba a biya su ba, sannan aka sanar da zaftare alawus ɗinsu daga dala 500 zuwa 220 a wata. A ƙasashe da dama bizar karatu ba ta sakar wa ɗalibi mara ya yi aiki yadda yake so. Me ya riƙe su? Karo-karo, da rancen da ba a rubutawa, da mai ɗaki da ya matsa ya ba wanda aka kora daga haya gefen katifa. A Afrilun 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da daina tura sababbin ɗalibai a shirin, wanda ke nufin waɗanda suka rage ba su da 'yan baya da za su miƙa wa rigar sanyi.

Sudan ta nuna wani ɓangaren. Yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilu, 2023, ana cikin azumi, ya rutsa da dubban ɗaliban Najeriya, da yawansu 'yan Arewa da jihohinsu suka ɗauki nauyi. Da aka zo kwashe su a motocin safa daga Jami'ar Afirka da ke Khartoum, an dogara sosai da shugabannin ɗalibai wajen tattara sunaye da sanar da wurin haɗuwa. Wasu sun yi kwanaki a kan iyakar Masar kafin rukunin farko ya sauka Abuja ranar 3 ga Mayu. Wanda sunansa ke cikin rajistar ƙungiyar ɗalibai, lambarsa ke cikin zauren WhatsApp, ya fi wanda ya ware kansa saurin jin labari.

Sai dai zumuncin nan yana da tabo. Sau da yawa yakan tsaya a kan 'yan jiharmu, har ka ga Bakano bai san ɗan Katsinan da ke hawa na biyu ba, balle ɗan Nijar ko Bayaraben da suke aji ɗaya. Wanda ya maƙale wa 'yan gida kawai yakan shekara huɗu bai iya harshen ƙasar ba. 'Yan mata, da yake ba su cika yawa ba, akan yanke shawara ba tare da su ba. Asusun ƙungiya kuwa, in ma'aji ɗaya ne ke riƙe da shi ba mai duba littafi, rigima ce ke jiran rana. Gyaran waɗannan ba wuya: mutum biyu su sa hannu kafin a fitar da kuɗi, a karanta lissafi a gaban kowa, a haɗa kowane sabo da tsoho ɗaya da zai riƙa leƙa shi har ya zauna da gindinsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda masu biyan alawus ke fakewa da wannan rufin asiri. Tunda ba a ji wani ya faɗi ba, sai a ɗauka lafiya ake, fayil ya ƙara wata uku a kan tebur. Alhali a can, yara biyar ne ke raba shinkafar mutum biyu, ɗayansu kuma yana da jarrabawa da safe.