Nahawun Turanci da Ginin Jumla: Abin da Ɗalibin Jiwa Ya Riga Ya Sani, da Abin da Ya Rage Masa

Garin Jiwa yana cikin ƙaramar hukumar birnin Abuja da kewaye, wato AMAC, yana maƙwabtaka da Gwagwa da Dei-Dei. Tsohon gari ne da ke da sarautarsa tun kafin a ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya a 1976, amma a yau ya cika da ma'aikata da 'yan kasuwa daga sassa daban-daban na Najeriya, waɗanda tsadar haya a cikin birni ta turo gefe. Yaron da ya tashi a wannan yanki yakan ji Hausa a kasuwa, ya ji Gbagyi ko Gwandara ko Ibo ko Yarbanci a gidajen maƙwabta, ya ji Turancin buroka a tashar mota. Da zarar ya shiga aji kuwa, da harshe guda ake auna shi, wato daidaitaccen Turanci.

Awon kuma ba na wasa ba ne. Jami'o'in ƙasar nan suna neman kiredit a darussa biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, kuma Turanci na cikinsu, ko da likitanci ko aikin gona mutum zai karanta. A jarrabawar JAMB ma Turanci ne darasi ɗaya tilo da ya zama dole a kan kowa. A 2024 kimanin kashi 72 cikin 100 na waɗanda suka zauna WAEC ne suka sami kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi. A 2025 adadin ya sauko zuwa kusan kashi 63, bayan hukumar ta sake duba sakamakon da ta fara fitarwa. Saboda haka duk shekara akwai ɗalibai masu ɗimbin yawa da ke komawa gida su jira wata shekarar.

Akwai wata tambaya da ɗaliban sakandare suka daɗe da sani a takardar auna fahimta ta WAEC. Akan ciro wani yanki daga cikin rubutun da aka ba su, a ce su faɗi sunansa a nahawu, sannan su faɗi aikin da yake yi a cikin jumlar. Misali a ba su "When the rain stopped, the traders returned", a ja layi a ƙarƙashin kalmomi huɗu na farko. Amsar ita ce: ganga ce mai bayanin lokaci, kuma aikatau ɗin "returned" take yi wa bayani. Ɗalibai da yawa haddace irin wannan amsa suke yi, su riƙa jefa ta a kan duk abin da ya fara da "when", ko ta dace ko ba ta dace ba. A nan ne ilimin ginin jumla yake shigowa.

Kalmar nahawu ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Daga Larabci muka aro ta, kuma tun ƙarnoni da suka wuce almajiran zaure suke karanta Ajuruma da Alfiyyar Ibn Malik, suna li'irabin jumla kalma bayan kalma. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Bahrul Muhiɗ a fannin nahawu da Hisnur Rasin a fannin sarfu. Don haka Bahaushe ya san cewa harshe yana da ƙashi a ƙarƙashin tsokarsa tun kafin boko ya zo.

Nahawun Turanci da ya iso mana ta makarantun zamanin mulkin mallaka yana da nasa asalin. A 1762 Robert Lowth ya buga wani ɗan littafin nahawu a Ingila, a 1795 kuma Lindley Murray ya fitar da nasa, wanda makarantu suka yi shekaru da yawa suna amfani da shi. Nahawu ne na umarni da hani: faɗi kaza, kada ka faɗi kaza, kuma an auna dokokinsa da dama da ma'aunin harshen Latin. A ƙarni na 20 masana suka sauya tambayar. Suka koma binciken abin da mai harshe ya sani a kansa, wanda ke sa ya gina jumlar da bai taɓa ji ba, kuma a fahimce shi. Noam Chomsky na Amurka ya fitar da Syntactic Structures a 1957, inda ya nuna cewa ƙa'idoji ƙalilan suna iya haifar da jumloli marasa iyaka. Michael Halliday na Birtaniya ya bi ta wata hanyar, ya mayar da hankali ga aikin da jumla take yi tsakanin mutane. Tsarinsa ya yi tasiri a jami'o'in Najeriya. Da shi Farfesa Ayo Bamgbose ya fayyace nahawun Yarbanci a littafinsa na 1966. A 1985 kuma Randolph Quirk da abokan aikinsa uku suka fitar da babban kundin nahawun Turanci, inda suka nuna cewa sassauƙar jumlar Turanci ba ta wuce siga bakwai ba, gwargwadon abin da ke bin aikatau: ko ba komai, ko karɓau ɗaya, ko biyu, ko cikamako, ko bayanau, ko haɗin karɓau da ɗaya daga cikin na ƙarshen nan biyu.

Duk da saɓanin da ke tsakanin waɗannan mazhabobi, sun haɗu a kan abu guda: kalmomin jumla ba a jere suke kawai kamar duwatsun carbi ba, a dunƙule suke rukuni-rukuni, kuma kowane rukuni yana da kai. Ɗalibin Jiwa da ke jin Hausa ya riga ya san wannan, ko da bai san ya sani ba.

A duba wannan jumla: "Dogon yaron nan da ke sayar da katako a Dei-Dei ya tafi Zuba." Duk kalmomin da suka gabaci "ya tafi" abu ɗaya ne, domin ana iya ɗauke su gaba ɗaya a bar "Ya tafi Zuba" ba tare da jumlar ta rushe ba. Wannan dunƙulen shi masana Hausa ke kira yankin suna, kuma kansa shi ne "yaro". Haka abin yake a Turanci: "The tall boy who sells timber at Dei-Dei has gone to Zuba." In za a mayar da ita tambaya, kalmar "has" ce za ta tsallake dunƙulen baki ɗaya ta dawo farko. Ba a ɗauko "sells" don kawai ita ce aikatau ta farko da ido ya gani. Wanda ya gane iyakar yankin suna ba zai ruɗe a nan ba, komai tsawon jumlar.

Wannan fahimtar ce ke warware matsalar da ta fi cinye wa ɗalibai maki, wato jituwar aikau da aikatau. Sau da yawa akan ga an rubuta "The price of the bags are high", saboda kalmar "bags" ce ta fi kusa da aikatau, sai ta ja hankalin mai rubutu. Amma wane Bahaushe ne zai ce "Farashin buhunan sun tashi"? Kowa "ya tashi" zai ce, domin kunnensa ya san farashi ake magana a kai, buhunan rakiya suka yi. Ƙa'idar ɗaya ce a harsunan biyu. Malamin da ya rubuta jumlolin nan biyu a allo, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, ya gama darasin da wani zai yi mako yana fama da shi.

Akwai ma abin da ya fi wannan zurfi a Hausa. Muna cewa "Yara sun dawo", amma "Yaran da suka dawo", "Su wa suka dawo?", "Jiya ne suka dawo". Babu wanda ya zaunar da yaro ɗan shekara biyar ya koya masa inda ake sa "sun" da inda ake sa "suka", amma ba ya kuskure. Wanda ya koyi Hausa da girma ne akan ji yana tuntuɓe a nan. Masana irin su Farfesa M.K.M. Galadanci, wanda littafinsa na gabatar da nahawun Hausa ya fito a 1976, da Paul Newman, mai babban kundin nahawun Hausa na shekarar 2000, sun ɓata shafuka wajen fayyace wannan ƙa'ida da yaro ke amfani da ita yana wasan ƙasa. Irin wannan ɓoyayyen sani ne nahawun nazari ke ƙoƙarin fitarwa fili.

Inda harsunan suka rabu kuwa, nan kurakurai suke taruwa, kuma yawancinsu ana iya hango su tun kafin ɗalibi ya yi su. Jumlar aikatau ta Hausa tana buƙatar lamirin suna ko da an ambaci sunan: "Audu ya tafi." Turanci ba ya yarda da wannan maimaici, shi ya sa "Audu he went" kuskure ne. Hausa tana kore magana da kalmomi biyu da ke rungume aikatau, "bai tafi ba", kuma tana tambaya da sauyin murya ko da "shin" ko "ko". Turanci kuwa aro yake yi wa aikatau mataimaki, "do", ya ɗora masa alamar lokaci. Tunda sau ɗaya ake nuna lokaci a cikin ganga, in "did" ta ɗauka, babbar aikatau sai ta koma sigarta ta asali. Dalilin ke nan da ya sa "Did he go?" ta yi daidai, "Did he went?" kuma ta karye.

Haka batun ƙananan kalmomin nan "a" da "the". Hausa tana da hanyar nuna abin da aka riga aka ambata, kamar yadda "yaro" ke zama "yaron", "mota" ta zama "motar". Amma tana barin suna tsirara in ba a san shi ba: "Na sayi littafi." Turanci ba ya barin tilon suna mai ƙirguwa haka, dole a ce "a book". Sannan akwai sunayen da Hausa ke jam'intawa, kamar shawarwari da bayanai, alhali takwarorinsu na Turanci, "advice" da "information", ba sa karɓar jam'i. "Ina jin ka" da "Ina da mota" su ne ke haifar da "I am hearing you" da "I am having a car", domin Turanci ba ya son sigar lokaci mai ci a kan aikatau masu nuna hali ko mallaka. In Bahaushe ba ya son ambaton wanda ya yi aiki, sai ya ce "An gyara hanya", Bature kuwa juya jumlar yake yi, karɓau ya dawo gaba: "The road was repaired." Mafi ban dariya, kuma mafi jawo rashin fahimta a ofis da asibiti, ita ce amsar korarriyar tambaya. In aka ce "Ba ka ci abinci ba?", wanda bai ci ba yana iya cewa "Eh", wato maganarka gaskiya ce. A Turanci "No" zai ce.

Sai dai a yi hattara, domin sanin sunayen sassan jumla kaɗai ba ya gyara rubutu. Wani rahoto da Richard Braddock da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 1963, bayan sun bi diddigin binciken da aka yi a kan koyar da rubutu, ya kammala da cewa koyar da nahawu a ware ba ya ƙara wa rubutun ɗalibi wani abin kirki, yana ma iya cinye lokacin da ya kamata a yi rubutun. Binciken da Debra Myhill ta jagoranta a Jami'ar Exeter ta Ingila, wanda aka buga a 2012, ya nuna cewa nahawu yana amfani idan an koyar da shi a cikin rubutun da ɗalibi yake yi, ana nuna masa abin da sauya ginin jumla ke yi wa ma'ana. Wannan ya dace da yadda WAEC ke raba makin insha'i, inda kyawun bayyana magana ke da kaso mafi tsoka, sama da na guje wa kurakuran rubutu. Ɗalibin da ya iya zana bishiyar li'irabi amma bai taɓa rubuta wasiƙa mai shafi biyu an gyara masa ba, ya san sunan kowane ƙarfe a injin mota ne bai taɓa riƙe sitiyari ba.

Saboda haka nauyin nahawun nazari ya fi hawa kan malami fiye da ɗalibi. Ba a bukatar yaron aji ɗaya na ƙaramar sakandare a Jiwa ya san Chomsky ko Halliday. Wanda ke koyar da shi ne ya kamata ya san su, ko a Kwalejin Ilimi ta Zuba ya yi karatu, ko a Jami'ar Abuja, ko a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa. Shi ne zai ga "Audu he went" ya gane cewa ƙa'idar Hausa ce yaron ya ɗauko ya ɗora a inda ba ta zama, ya yi masa bayani a minti biyu maimakon ya kira shi daƙiƙi. Wahalar a gari irin Jiwa ita ce aji ɗaya na iya ƙunsar harsunan gida biyar ko fiye, kuma babu malamin da zai san ginin kowanne. Abin da ke rage wannan wahala shi ne yawancin yaran suna tarayya a Hausa ko buroka, kuma harsunan yankin da dama, har da Turancin kansa, suna jera jumla iri ɗaya: aikau, aikatau, karɓau. Gwandara ma ita ce harshen da ya fi kowanne kusanci da Hausa.

Manufar gwamnati kan harshen koyarwa ta yi ta sauyawa. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yara da harshen uwa ko harshen yankinsu a shekarun farko na firamare. A Nuwamban 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a faɗaɗa hakan zuwa shekaru shida, a lokacin Ministan Ilimi Malam Adamu Adamu. A Nuwamban 2025 kuma Minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan tsari da komawa ga Turanci a dukkan matakai. Masana suna ta muhawara a kan hakan, wasu suna kafa hujja da gwajin shekaru shida da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci. Ko ina muhawarar ta tsaya, yaron zai ci gaba da shigowa aji da harshen gidansu a kansa, kuma da shi zai riƙa auna kowace jumlar Turanci da aka ba shi.

Wasu na tambaya ko lokaci bai yi ba da za a karɓi Turancin Najeriya yadda yake. Ta fuskar kalmomi an fara: a Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 daga Najeriya, ciki har da "okada" da "danfo" da "Kannywood". David Jowitt, wanda ya daɗe yana koyarwa a jami'o'in ƙasar nan, ya tattara siffofin wannan Turanci a littafinsa na 1991. Amma ginin jumla bai samu irin wannan sassauci ba. Ɗalibin da zai zauna jarrabawa a Jiwa bana yana iya kafa hujja da ƙamus idan ya rubuta "okada" a insha'insa, amma mai duba takarda zai zagaye masa "Did he went?" da jan biro, ya kuma rage masa maki.